Daga Ɗakin Jiyya Zuwa Fagen Fama

Wanda ya saba bin hanyar Kaura Namoda zuwa Shinkafi ko Zurmi ya san darajar mai tsaron hanya. Ga labarin waɗansu mutanen dā da suka ɗauki wannan aiki, da abin da ya same su.

Tun kafin yaƙin da Turawa suka ci Urushalima a 1099, akwai wani ɗakin jiyya a birnin domin masu ziyara. Shugabansa wani bawan Allah ne, sunansa Jerad. A 1113 Paparoma ya amince da ƙungiyarsa, wadda ake kira 'Yan Asibitin Yohanna. Majiyyata su ne iyayengijinsu, har Musulmi da Yahudawa ma suna samun gado a wurinsu.

Da Jerad ya rasu wajen 1120, sai Raimon du Pui ya gaje shi. A zamaninsa ne 'yan'uwan suka soma rataya takobi, wai don su raka matafiya. Sannu a hankali rakiya ta zama yaƙi, masu jiyya suka zama barade masu ganuwa. Wani shugabansu, Roja de Mulan, a bakin dāga ya mutu a 1187, shekarar da Salahuddin ya karɓe Urushalima.

Daga nan sai ƙaura bayan ƙaura. Suka fita daga Akka a 1291, suka kama tsibirin Rodos wajen 1310. Sarkin Turkawa Sulaiman ya ƙwace shi a 1522. Suka koma Malta a 1530, inda shugabansu Jan de Balet ya tare rundunar Turkawa a 1565. Sunansa aka sa wa Baletta, babban birnin ƙasar. Duk da haka Napoliyon ya kore su a 1798.

To, me ya saura? Ganuwa ta zama abin kallon baƙi. Amma ƙungiyar ta koma aikinta na fari, tana riƙe da asibitin haihuwa a Baitalami, inda mata Musulmi da Kirista suke haihuwa.

Ya mai karatu, tsaron hanya ba abin rainawa ba ne. Sai dai takobin da aka zara domin rakiya, mayar da shi kube yana da wuya. Mu koya wa 'ya'yanmu labarin Jerad, gama aikinsa ne ya daɗe.