Tsakuwar Mafitsara: Ciwon da Ke Kashe Muzuru

A gidajen Daura da ƙauyukan Sandamu, Zango, Baure da Mai'adua, ana ajiye mage ne don tsaron rumbu daga ɓeraye, ba kasafai ake kula da shan ruwanta ba. Magen gida daga magen daji ta Afirka ta samo asali, dabbar busasshiyar ƙasa wadda ƙishirwa ba ta cika damun ta ba. Jikin ɓera kusan kashi 70 cikin 100 ruwa ne, don haka mage mai farauta a abincinta take samun ruwa. Wadda aka tsare a gida kuwa, ana ba ta busasshen kifi ko abincin kanti na leda, wanda ruwan cikinsa bai wuce kashi 10 ba, ga kuma zafin bazara da kan haura digiri 40 a watan Afrilu, sai fitsarinta ya yi kauri. Gishirin da ke cikinsa ya fara dunƙulewa kamar yashi, daga nan ya zama tsakuwa.

Tsakuwar iri biyu ce aka fi gani. Ɗaya takan narke cikin 'yan makonni idan likita ya sauya abinci. Ɗayar, mai sinadarin kalsiyam, sai an yi tiyata. Wani lokacin ma babu tsakuwa, kumburin mafitsara ne kawai da tashin hankali ke jawowa, kamar sauya gida ko tsokanar yara.

Muzuru ya fi shiga haɗari, domin hanyar fitsarinsa siririya ce ƙwarai, ƙwaya ƙarama ta isa ta toshe ta. Idan ta toshe, za a ga yana ta komawa wurin da ya saba tono, ya tsuguna yana yunƙuri da kuka, ɗigo kaɗan ya fito, wani sa'in da jini, ko kuma babu komai. Yana yawan lasar gabansa, ya ƙi abinci, ya fara amai. Masu gida sukan ɗauka ƙullewar ciki ce, su ce a bari zuwa gobe. Wannan jinkirin ne ke kashe shi: fitsari ya taru, ƙoda ta gaza, gubar jini ta taɓa zuciya, cikin kwana biyu zuwa uku ya mutu.

Ranar da aka ga haka, ranar za a kai shi wurin likitan dabbobi, ya zura siririyar roba ya buɗe hanyar. Kada a matsa masa ciki, mafitsara na iya fashewa. Kada kuma a ba shi farasitamol, ko ɓarin ƙwaya guba ce ga mage. Abin da ya gagara a kusa, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

A gida kuwa, a ajiye kasko biyu ko uku na ruwa mai tsafta a inuwa, nesa da inda mage take ba-haya, a riƙa sauyawa safe da yamma, a kuma jiƙa mata abinci da romo marar gishiri, marar albasa.