Daga Gaban Malami Zuwa Allon Waya: Nazari Kan Koyon Addinin Buda a Intanet

Tsawon ƙarnoni, wanda ya yi niyyar bin tafarkin Buda, wato addinin da Siddhartha Gautama ya kafa a arewacin Indiya kimanin ƙarni biyar kafin haihuwar Annabi Isa, ba shi da wata hanya face ya durƙusa gaban rahibai, mutanen da suka bar aure da dukiya suka tare a gidajen ibada. A yau kuwa ɗimbin masu koyo, musamman a Turai da Amurka, daga wayar hannu suke fara ɗaukar darasi, wasunsu ma har su shekara suna yi ba su taɓa haɗa ido da malami ba.

Tushen wannan sauyi ya girmi intanet nesa ba kusa ba. Lokacin da Turawan Ingila suka tumɓuke Sarki Thibaw na ƙasar Burma a 1885, addinin ya rasa sarautar da ke ɗaukar nauyinsa, shi ya sa rahibi Ledi Sayadaw ya duƙufa wajen buga littattafai cikin harshen talakawa, yana kwaɗaitar da masu iyali su rungumi wifasana, wani zaman tattara hankali da mutum ke lura da numfashinsa da abin da ke gudana a jikinsa da zuciyarsa. Daga wannan silsila S. N. Goenka ya fito, wanda ya bar Burma ya koma Indiya a 1969 ya yaɗa kwas na kwana 10, kuma da almajirai suka yi yawa sai aka naɗi muryarsa da hotonsa, ta yadda har bayan rasuwarsa a 2013 faifansa ne ke ba da darasi a cibiyoyinsa. A nan ne aka fara sabawa da malamin da ake jinsa amma shi ba ya jin kowa, ko da yake Goenka ya yi hikimar ajiye mataimaka a kowane zama domin amsa tambayoyi.

A Amurka lamarin ya ƙara nisa da gidan ibada, domin a 1979 Jon Kabat-Zinn ya kafa wani shiri a makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Massachusetts, inda ya tsame wannan zama daga aƙidarsa ya mayar da shi hanyar rage damuwa ta mako 8. Kamfanoni irin su Headspace, wanda tsohon rahibi Andy Puddicombe na cikin waɗanda suka kafa shi a 2010, sun ɗauki wannan siffa suka zuba ta cikin manhajar waya ta kuɗi. A ɗaya gefen kuma, masu kishin nassi sun saki littattafan kyauta: taskar Access to Insight ta fara aiki a 1993, sannan a 2018 taskar SuttaCentral ta fitar da fassarar Turanci da rahibi Sujato ya yi wa manyan tarin huɗubobin Buda guda 4 daga harshen Pali. Annobar korona ta 2020 ta ƙarasa aikin, da ta rufe cibiyoyi ta tura malamai kan Zoom, har Dalai Lama, jagoran mabiya addinin na Tibet, ya gudanar da bikin ba da izinin ibada ta bidiyo a watan Mayun shekarar.

Amfanin a bayyane yake, tunda wanda ke zaune a garin da babu gidan ibada ko ɗaya yana iya karanta nassin da a da sai an ƙetare teku kafin a same shi. Akwai kuma wata fa'ida da ba a cika ambata ba, ita ce tona asirin malaman da suka ci amana, kamar yadda ya faru a 2017 sa'ad da wasiƙar da almajirai 8 suka rubuta wa malaminsu Sogyal Rinpoche, suna zarginsa da cin zarafi, ta bazu a duniya cikin kwanaki, abin da ya kai shi ga sauka daga shugabancin ƙungiyarsa ta Rigpa.

Sai dai abin da intanet ta yalwata bayani ne, alhali abin da mai koyo ya fi buƙata gyara ne daga wanda ya san halinsa, batun da ba baƙo ba ne ga duk wanda ya san dalilin da ya sa malaman zaure ke nanata ɗaukar karatu daga bakin malami. Mazhabobin addinin sun sha bamban, domin Terawada ta Siri Lanka da Tailan, da Zen ta Japan, da tafarkin Tibet, kowacce da tsarinta da matakanta, amma mai neman shawara a intanet yakan kwaso amsoshi daga dukkansu ya gauraya, kuma amsar da ta fi farin jini ita ke hawa sama, ko da wanda ya ba da ita bai fi mai tambayar sani ba. Haka kuma sila, wato kiyaye dokokin ɗabi'a irin su barin kisa da sata da ƙarya da maye, wadda nassi ya ɗauka a matsayin harsashin zaman tattara hankali, ita ce aka fi yin watsi da ita, saboda ba ta da kasuwa. Binciken da Willoughby Britton da abokan aikinta na Jami'ar Brown suka wallafa a 2017 ya nuna cewa wannan zama kan jawo wa wasu firgici da rashin barci da jin kamar sun rabu da kansu, kuma faifan murya ba ya iya gane wanda ya shiga wannan hali balle ya ce masa ya dakata.

Akwai kuma inda na'ura ba ta kai ba tukuna, domin dokar rahibai da ake kira Winaya ta shardanta cewa ba a naɗa sabon rahibi sai rahibai 10 sun hallara da jikinsu cikin iyaka guda da aka keɓe, ko 5 a yankunan da suke da ƙaranci, kuma mazhabar Terawada na riƙe da wannan sharaɗi har yanzu.