Kalmar «prunier» da itatuwan da ta lulluɓe: ɗinya, tsada, danya da gawasa

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa fassara littafin noma ko na kiwon lafiya daga Faransanci zuwa Hausa ya san wuyar da sunayen itatuwa ke da ita. Daga cikin kalmomin da su ke yawan rikita mai fassara akwai «prunier», sunan icce, da «prune», sunan ɗansa. Turawan da suka fara rubuta labarin tsirran ƙasashenmu sun riƙa laƙaba wannan suna ga kowane iccen da ɗansa ke da tsoka da ƙwallo a ciki, ko da kuwa babu dangantaka tsakaninsu. Maƙasudin wannan ƙasida shi ne rarrabe waɗannan itatuwa da sunayensu na Hausa, domin amfanin masu bincike da masu tsara littattafan yaƙi da jahilci.

2. Iccen asali

Ainihin iccen da ke da wannan suna ɗan ƙasashen sanyi ne. Masana tsirrai suna kiran irin na Turai Prunus domestica. Ba ya fure sosai sai ya sha sanyi mai tsanani na awoyi ɗaruruwa, irin wanda hunturunmu ba ya kaiwa, shi ya sa ba a ganinsa a gonakin Maraɗi ko Damagaram ko Tawa. A Faransa, garin Agen ya yi suna wajen busar da ƴaƴansa, yankin Lorraine kuma da wani ƙaramin iri mai ruwan ɗorawa. Ƙasar Sin ta fi kowace ƙasa nomansa. A can akwai wani ɗan'uwansa, Prunus mume, mai yin fure tun sanyi bai wuce ba, saboda haka mawaƙa da masu zane suka ɗauke shi alamar juriya. Mutanen Japan kuwa sukan jiƙa ƴaƴansa da gishiri, su ci da shinkafa.

3. Itatuwan gida da aka ara wa sunan

Ɗinya (Vitex doniana). Ita ce littattafan Faransanci ke kira «prunier noir». A wasu sassa, musamman na yamma, ana cewa ɗunya ko ɗumniya. Babban icce ce mai son fadama da bakin gulbi, ta kuma fi yawa a kudu inda ruwan sama ke wadata. Ganyenta ya rabu biyar kamar yatsun hannu. Ƴaƴanta kore ne tun suna ɗanyu, in sun nuna su yi baƙi wuluk, da zaƙi. Ana shansu haka nan, ana kuma dafa su a yi maɗi. Sabon tohonta yana da sunansa na kansa, wato ɗinkin, wanda mata ke dafawa su yi kwaɗo da ƙuliƙuli. Ana samun baƙar tawada daga ganyenta da ɓawonta, furenta kuma na jawo ƙudan zuma, shi ya sa masu amya ke sonta.

Tsada (Ximenia americana). Ƙaramin icce ce mai ƙaya. Ƴaƴanta rawaya ne, masu tsami, da ƙwallo guda. Ƙwayar da ke cikin ƙwallon tana da mai da yawa, amma cinta da yawa na ɓata ciki, ganyen kuma na ɗauke da dafi. Wani abin lura shi ne saiwarta takan manne wa saiwar maƙwabtanta ta tsotsi ruwa da abinci. Akwai kuma tsadar Masar (Spondias mombin), wadda asalinta daga yankunan zafi na nahiyar Amurka ne, ba ta kuma da dangantaka da tsada sai kamar ƴaƴa.

Danya (Sclerocarya birrea). Wasu littattafai na kiranta «prunier d'Afrique». Dangin mangwaro ce, kuma akwai mace akwai namiji, macen ce ke haihuwa. Hausa ta bambanta iccen da ɗansa, domin sunan ɗan nunu. Yana nuna ne wajen ƙarshen bazara zuwa farkon damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, don haka yana rage wa yara da makiyaya yunwa. Masassaƙa na yin turmi da akushi da kututturenta.

Gawasa (Neocarya macrophylla). Tana da yawa a Dallol Boso da Dallol Mawri cikin jihar Doso, Zabarmawa kuma na ce mata gamsa. Daga can a ke kai ƴaƴanta kasuwannin Yamai. Misalinta ya isa ya nuna rashin tabbas na sunayen aro: Ingilishi ya sa ta cikin waɗancan itatuwa da mu ke magana a kai, Faransanci kuwa ya kira ta «pommier du Cayor», wato ya maishe ta tuffa.

4. Matsalolin rubutu

Tun a 1916 J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa, ƙamus ɗin Bargery na 1934 kuma ya adana da yawa daga cikinsu tare da bambancin karin harshe. Taron Bamako na 1966 ya tabbatar da baƙaƙe masu lanƙwasa a rubutun boko. Duk da haka akan ci karo da takardun da aka buga babu lanƙwasa, kuma a nan ɓarnar ba ƙarama ba ce. Dubi waɗannan kalmomi uku: danya, ɗanya, ɗinya. Ta farko icce ce, ta biyu siffa ce ta abin da bai nuna ba ko bai dahu ba, ta uku kuwa wani iccen ne daban. Idan lanƙwasar ta faɗi, «ɗanyar gawasa» za ta koma «danyar gawasa», sabon mai karatu ya tsaya yana neman iccen da babu shi. Haka kuma tsada ta daji da tsadar kasuwa rubutunsu ɗaya ne, tun da boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Wajibi ne jimla ta fayyace wadda a ke nufi.

5. Shawarwari

Na ɗaya, kada mai fassara ya juya «prunier» sai ya gano sunan kimiyya na iccen. Shawarar da ta dace da ɗinya ba lalle ta dace da tsada ba, balle a littafin ciyar da yara.

Na biyu, a rubuta sunan da mutanen yankin ke faɗa, a kawo sauran a ƙarshen darasi. Ɗalibin da ya tashi da ɗumniya ya cancanci ya ga kalmarsa a rubuce kafin a koya masa ɗinya.

Na uku, ga iccen Turai na asali, Hausa na da hanyar da ta saba bi wajen raɗa wa baƙo suna: ta ɗauki na gida ta jingina shi ga inda a ke zaton baƙon ya fito, kamar gwandar Masar da dankalin Turawa. A bisa wannan ƙa'ida muna ba da shawarar «tsadar Turawa», da fatan masana za su gwada ta a azuzuwan manya su ga ko kunne zai karɓe ta.

6. Kammalawa

Fari na 1973 da na 1984, tare da faɗaɗar gonaki, sun kashe itatuwa masu yawa a kudancin Nijar. Sassaben zamani da manoman Maraɗi suka runguma tun daga shekarun 1980 ya maido da wasu, amma yaron da bai taɓa ganin ɗinya ba da wuya ya san ɗinkin, haka wanda bai san danya ba nunu baƙon suna ne gare shi. Don haka ya kamata kowace cibiyar yaƙi da jahilci ta zauna da dattawa da mata da masassaƙa na yankinta, ta rubuta sunan kowane icce, da na ɗansa, da na ganyensa, da abin da a ke yi da shi, tun masu sanin suna nan da ransu.