Ko Kun Sani? Abincin Shaiɗanin Tasmaniya

A 2020 aka mayar da shaiɗanin Tasmaniya, dabba mai cin nama da ke renon 'ya'yanta a jakar cikinta, zuwa babban yankin Ostireliya, bayan shekara kusan 3,000. Masu goyon bayan mayar da shi sun ce mushe ne abincinsa. Haka ne, har ƙashi yakan tauna, amma yana farauta. Misali, an saki irin wannan dabba guda 28 a tsibirin Maria na Tasmaniya daga 2012 don tserar da su daga ciwon dajin fuska, kuma kafin shekara goma tsuntsayen fengwin na tsibirin, ma'aurata kusan 3,000, sun ɓace. Haka ma a nan gida, mai burin dawo da zaki Dajin Falgore sai ya fara ƙirga namun dajin da suka rage, domin shanun makiyayan Doguwa da Tudun Wada suna nan kusa.