Yadda Ake Miƙar da Lanƙwasasshen Ƙarfe a Jikin Tsohuwar Tarakta

Tarakta samfurin Massey Ferguson 135, wadda aka ƙera a birnin Kobentiri na Ingila, har yau akan ci karo da ita tana huɗa. Injinta yana da jimiri, amma falankin ƙarfen da ya rufe ta, wato bonet da murfin da ke bisa tayoyin baya, ba ya wuce kaurin milimita ɗaya zuwa biyu. Reshen itace ko kututture kaɗai ya isa ya lotsa shi. Wannan ba maganar ado ba ce. Murfin da ya lanƙwashe yakan riƙa gugar taya har ya cinye ta, bonet kuwa in ya lotsa ciki yana iya taɓa lagireto ya huda shi. Sabon kayan gyara ba kullum ake samu ba, damina kuma ba ta jira. Saboda haka sai a nufi mai gyara.

Kafin mu shiga aikin, ɗalibi ya lura da kalmomin. Muna cewa ƙarfe ya lanƙwashe idan ya karkace daga miƙewarsa, muna cewa ya lotsa idan rami ya faɗa a tsakiyarsa. Kututture ne ya lanƙwasa shi, shi kuma ya lanƙwashe: saiwa ɗaya, amma ƙarshen kalma ya nuna wanda ya yi da wanda aka yi wa. Haka nan mai gyara ba ya buga ƙarfe, bubbuga shi yake yi. Wannan ninki a farkon aikatau yana nuna maimaita aiki sau da yawa, kuma a nan, kamar yadda za mu gani, shi ne ainihin sana'ar.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne, ƙarfen da ya lotsa ba lanƙwashewa kawai ya yi ba, ya kuma talle, wato faɗinsa ya ƙaru, kaurinsa ya ragu a wurin da aka buge. Ga shi kuma duk inda ƙarfe ya tanƙware sai ya ƙara tauri. Kowa ya taɓa karya waya ta hanyar lanƙwasa ta gaba da baya ya san haka. Shi ya sa wanda ya ɗauki babbar guduma ya zabga wa tsakiyar ramin daga baya ba gyara ya yi ba. Na taɓa tsayawa ina kallon wani yaron gareji yana yin haka. Ramin ya fito, amma ya bar tudu uku a inda da rami ɗaya ne.

Gwani yakan fara da shafa wurin da tafin hannu, domin hannu ya fi ido gane tudu da kwari. Sai ya nemi gefen lotsawar, inda ƙarfen ya yi ƙunya, daga nan zai soma, yana zagayawa yana matsowa tsakiya. Ma'ana, yana warware ɓarnar daga inda ta ƙare zuwa inda ta fara. Hannu ɗaya na riƙe da ƙaramar guduma mai santsin baki, ɗayan na tokare da guntun ƙarfe mai nauyi ta baya, wanda yake zama masa kamar ƴar uwar maƙera ta tafi-da-gidanka. Idan ya tokari kwarin, ya bubbugi tudun da ke gefensa, sai kwarin ya taso, tudun ya kwanta. Idan kuwa gudumar ta riƙa sauka daidai kan matokarin, ƙarfen da ke tsakani matsewa zai yi ya ƙara tallewa. Kunne ma yana da aikinsa: ƙara mai kaifi tana nuna guduma ta haɗu da matokari.

Wani lokaci bayan an gama sai a ga wurin ya yi kumburi, in an danna ya shiga, in an saki ya fito, kamar gindin gwangwani. Ƙarfen ya yi wa wurin yawa ke nan, sai a tsuke shi da wuta. Akan gasa ɗan wuri kamar faɗin kwabo da wutar walda ta gas har ya yi ja, a bubbuga kewayensa a hankali, sannan a ɗora jiƙaƙƙen tsumma. Yayin da yake hucewa sai ya tsuke, ya jawo abin da ya yi saura. In kuma akwai tsagewa, sai a huda ƙaramin rami a ƙarshenta kafin a yi walda, don kada ta ci gaba da tafiya.

Wuta tana da iyakarta. A wannan taraktar tankin mai yana ƙarƙashin bonet ne, don haka dole a kwance bonet ɗin a kai shi nesa kafin a kunna. Bakin garma da faifan haro kuwa ƙarfe ne da aka taurara tun daga masana'anta. In aka gasa su har suka yi ja, taurin ya tafi, ƙasa za ta cinye su da wuri. Narkakken ƙarfen da aka zuba a mazubi, irin na gidan giya, shi ba ya lanƙwashewa ma tun farko, fashewa yake yi, kuma guduma ba ta da abin da za ta yi masa.