Mai Tafiya da Mai Zama: Shawara Biyu Bayan Giginya

Ranar 15 ga Maris, 1903, a filin Giginya da ke bayan ganuwar Sakkwato, dawakin Sarkin Musulmi suka tari rundunar Turawan Ingila. Ba a daɗe ana yi ba. Bindiga mai ruwa ba ta bar mahayi ya iso inda mashinsa zai yi aiki ba, kafin rana ta take an watse. Kano ta riga ta faɗi tun 3 ga Fabrairu. Abin da ya rage wa manyan daula shi ne shawara, a nan kuwa hanya ta rabu biyu.

Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu, wanda bai fi wata biyar a kan gado ba, ya fuskanci gabas da niyyar hijira. Jama'a suka yi ta barin gonakinsu suna bin sa, ga damina ta kusa, har abin ya tayar wa Turawa hankali. Waziri Muhammadu Buhari kuwa ya tsaya a Marnona, ya tara malamai, aka auna, sannan ya koma Sakkwato ya yi sulhu. Ranar 21 ga Maris Lugga, shugaban Turawan, ya tabbatar da Attahiru ɗan Aliyu Babba a matsayin sabon Sarkin Musulmi, ya yi alkawarin ba zai taɓa addini ba.

Idan ana ba da wannan labari a zaure, an fi so a ce ɗaya jarumi ne, ɗaya kuma ya ji tsoro. Ni ban yarda da wannan rabo ba. Dukansu tsoro ya kama su, abin da kowa ya tsorata ne ya bambanta. Attahiru ɗan Ahmadu ya ji tsoron zama ƙarƙashin hukuncin Nasara, da tsayuwa gaban Allah a matsayin wanda ya miƙa amanar Shehu. Yana da hujja a hannu, domin da hijira Shehu, kakan mahaifinsa, ya fara, daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804. Waziri kuma ya ji tsoron abin da zai sami waɗanda ba su iya tafiya: tsofaffi, mata masu goyo, almajirai, masallatai da makarantu. A wasiƙar da ya rubuta wa malamai daga baya don ya bayyana dalilinsa, ya kawo ƙarancin ruwa a hanya, da cewa Turawa sun tare ko'ina. Gaskiya ya faɗa. Faransawa na Damagaram tun 1899, Yola ta faɗi a 1901, Jamusawa kuma na can Garwa. Waziri ya kuma yi gudun kada malamai su fice gaba ɗaya, ƙasa ta koma jahiliyya.

Mutane kan ɗauka mai zama bai yi kasada ba. Ya yi, sai dai tasa ba ta da ganga da tuta. Attahiru ya sa ransa, Waziri ya sa sunansa da lahirarsa a kan alkawarin mutumin da ya ci shi da yaƙi mako guda da ya wuce. Shi kansa bai samu natsuwa ba, sai da ya nemi fatawar Alƙalin Gwandu Ahmadu ɗan Sa'adu, ya ji ko zaman nan ya halatta, wato a yi musu biyayya a kan sha'anin duniya, zuciya na ƙi. Wanda tsoron bindiga kaɗai ya zaunar ba ya bin malamai yana tambayar hukuncin zamansa. Hausawa sun ce faɗan da ya fi ƙarfinka mai da shi wasa, amma ba su faɗi nauyin da wasan ke ɗora wa mai yin sa ba.

Tafiyar Attahiru ta ƙare a Burmi, a ƙasar Gwambe. A watan Mayu mutanen garin sun kori Turawa. Ranar 27 ga Yuli suka dawo da manyan bindigogi, aka kashe Sarkin Musulmi tare da mutane sama da 600, cikinsu har da Magajin Keffi Ɗan Yamusa. Jagoran Turawan, Manjo Marsh, shi ma a nan ya faɗi. Duk da haka hijirar ba ta mutu ba. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har bakin Shuɗin Nilu a Sudan, garin da suka kafa yana nan da sunan Mai Wurno.

Zaman Waziri ma ya haifi abin nunawa. Kotunan alƙalai sun ci gaba, karatun zaure bai yanke ba, kuma ɗansa Waziri Junaidu, wanda aka haifa a 1906, shi ya tattara ya adana ɗimbin rubuce-rubucen masu jihadi da masana ke dogaro da su yau. Sai dai wanda zai kafa hujja da wannan ya tuna cewa a Marnona babu wanda ya san haka za ta kasance. Da Lugga ya saɓa alkawari, da wata magana ake yi a kan Waziri. Hikimar shawara ana auna ta ne da abin da mutum ya sani a ranar da ya yanke ta, da kuma waɗanda ya sa a lissafi. Ta wannan ma'auni ina ganin lissafin Waziri ya fi faɗi, domin ya ƙirga har da waɗanda ba su da doki.

Amma bashin zaman bai daɗe ba aka zo karɓa. A Fabrairun 1906 talakawan Satiru, ƙauye kusa da Sakkwato, suka tashi da gatura da fartanya, suka kashe Turawa uku da sojojinsu da dama. Sarakunan da suka zaɓi zama dole suka nuna ɓangaren da suke, suka tsaya tare da Turawa. A watan Maris aka rushe Satiru, aka kashe mutane wajen 2,000, aka kuma hana kowa sake zama a wurin.