Abin Da Madara Ta Nuna Game Da Asalin Fulani

Mutane da yawa idan sun sha madarar shanu sai ciki ya kumbura, ya yi ta ƙugi, har zawo ya biyo baya. Amma Fulani makiyaya da dama sukan sha ƙwarya guda lafiya lau. Mene ne dalili? Masana sun ce abin gado ne.

A cikin madara akwai wani irin sukari. Jariri yana da sinadari a hanjinsa mai narkar da wannan sukari. Bayan yaye sai sinadarin ya ragu a jikin yawancin mutanen duniya. A jikin wasu kuwa yakan yi aiki har tsufa. Gadon wannan baiwa ake yi daga iyaye, kamar yadda ake gadon tsawo ko kama. Abin da ke ɗauke da gadon shi ake kira ƙwayoyin halitta.

A shekarar 2019 masana sun fitar da sakamakon binciken da suka yi a kan wasu Fulanin Burkina Faso. Kusan kashi uku cikin huɗu na gadonsu na mutanen Afirka ta Yamma ne. Yawancin sauran ya yi kama da na mutanen Afirka ta Arewa da Turai. Ƙwayar shan madara da ke jikinsu iri ɗaya ce da ta Turawa. Masanan sun ƙiyasta cewa kakannin Fulani sun yi auratayya da mutanen Afirka ta Arewa kimanin shekara 1,800 da suka wuce. Ta wannan hanya ƙwayar ta shigo.

To, yaya aka yi ta yaɗu? Makiyayin da cikinsa ke karɓar madara yana da abinci ko da hatsi ya yi wuya. Zuriyarsa ta fi tsira daga yunwa, sai ta yawaita.

Wannan ya nuna cewa babu ƙabilar da jininta bai gaurayu da na wasu ba. Kiwo da fatauci da aure sun daɗe suna haɗa jama'a. Saboda haka gorin asali ba shi da amfani.

Wanda madara ke ɓata wa ciki ya gwada kindirmo ko nono, domin tsami yana rage sukarin. A riƙa tafasa madara kafin a sha. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta rage sukarin.